Ranar da Orval Penhale Ya Kira Masu Birki

Ƙungiyar tarihin garinmu ta aiko in rubuta wani abu a kan mahaifina, tunda sun sayo tsohon kan jirgin ƙasan da ya tuƙa sun girke a filin shaƙatawa, sun shafa masa baƙin fenti yana ƙyalli kamar takalmin ango. Wai in rubuta abin tunawa mai daɗi. To, ga shi na rubuta. In sun ga dama su buga, in ba su ga dama ba su bari. Rabin dattawan da ke cikin ƙungiyar nan na san abin da suka yi masa, su ma sun san na sani.

Sunansa Orval Penhale. A Sansani na Huɗu aka haife shi, can cikin daji, lokacin da layin dogon Kamfanin Katako na Kinnick bai wuce nan ba. Ubansa mai haƙar zinariya ne da ramin ya ƙare masa, ya koma shimfiɗa dogo. Dogonmu siriri ne, ƙafa uku tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Ba don ado kamfani ya yi haka ba. Siririn dogo ya fi araha, kuma yana iya murɗewa a jikin dutse inda babban dogo sai an fasa dutsen tukuna. Haka ya yi ta rarrafe cikin duwatsun Sierra, yana bin itatuwa, yana tsallake kwazazzabai a kan gadojin katako masu tsayin gaske. Duk inda aka cinye itatuwan wuri, sai a ƙara dogo gaba, a ɗaga gidajen sansani a ɗora kan taragu, labule na rataye a taga, wani lokaci har da kyanwa a ciki, a kai su sabon wuri. Ni kaina a irin wannan gidan na yi wayo. Babu titin mota a dajin. Gishiri, fulawa, likita, gawa, amarya, duk jirgi ne ke kai su, jirgi ke dawo da su.

Baba ya fara da shafa wa taragu man giris tun gemu bai fito masa ba. Ya zama mai birki, ya zama mai hura wuta, sannan ya zama direba. Bai taɓa mallakar mota ba, bai kuma taɓa ganin dalilin ba. In yana gari ƙafarsa ta ishe shi, in yana daji ga jirgi.

Dole in bayyana yadda ake saukowa da gumagumai daga dutse, don in ba ku gane wannan ba, ba za ku gane komai a labarin nan ba. Direba shi kaɗai ba ya iya tsayar da jirgi mai kaya a gangara. Birkin kan jirgi bai isa ba. Kowane tarago da nasa birkin na hannu, wata ƙafar ƙarfe mai kamar sitiyari da ake murzawa, sai mutum uku su riƙa bin saman gumagumai da sanda a hannu, jirgi na tafiya, suna tsallakawa daga wannan tarago zuwa wancan. Direba da usur yake musu magana. Igiyar usur tana sama da kansa. In ya ja gajere sau ɗaya, ma'anarsa ku ɗaure birki. In ya ja dogo sau biyu, ku saki. Da ya busa sai ya leƙa baya ta taga ya ga ko sun amsa. Baba yakan ce shi ba tsayar da jirgi yake yi ba, roƙo yake yi, ƙwarewarsa kawai ita ce sanin lokacin da zai roƙa. Lanƙwasa kuwa ba ruwansa da ita. Dogo ne ke juya jirgi, ba mutum ba.

Shugaban masu birkinsa shi ne Gildo Canepa, gajere, mai faɗin ƙirji, ɗan mutanen Italiya da ke noman kayan lambu a bakin rafi. Sun fi shekara ashirin tare, kuma ban taɓa jin sun gaisa kamar mutanen kirki ba.

"Ga sarkin zaune ya iso," in ji Gildo da safe. "Yau ma a kujera za a yi aikin?"

"Kai dai hau sama ka yi abin da aka haife ka dominsa. Biri ma da horo yana iyawa."

"Biri ba zai jure warin burodinka ba. Me Vesta ta cusa maka yau, tsohon takalmi?"

Burodin nama da dankali ne irin na kakanninmu, uwata Vesta ke naɗe masa kullum cikin langa. Guda biyu take sakawa, don ta san Gildo zai zage shi sannan ya cinye ɗaya.

Ina makarantar sakandare ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Mama. Ta tashi, amma ƙafar hagu da hannun hagu ba su tashi tare da ita ba. Zaman daji ya gagara. Kamfani ya sauko da gidajen sansani biyu, aka haɗa su a ƙarshen layin gidajen ma'aikata a cikin garin Kinnick, aka ba mu. Baba ya yi mata gangare da tsofaffin katakan dogo maimakon matakala, ya kafa ƙarfen dafawa tun daga gado har murhu, daga murhu har banɗaki, ya sauke kantocin kicin zuwa inda hannunta na dama zai kai. A cikin gidan nan Mama mace ce mai iko. Tana girki, tana wanke-wanke, tana faɗa. In ka fitar da ita daga cikinsa, ta zama kaya sai an ɗauka. Amma gidan na kamfani ne, kuma ƙa'idar kamfani ɗaya ce, kowa ya san ta: wanda sunansa ke cikin masu aiki shi ke zama, wanda aka sallama ya kwashe kayansa.

Bayan yaƙin duniya na biyu manyan motoci suka fara shigowa. Da farko dariya ake musu. Sai gwamnati ta fara yanka tituna cikin daji, itatuwan da ke kusa da dogo kuma an riga an cinye su, saura na can saman tsaunuka inda shimfiɗa dogo ba riba. Mota tana hawa ko'ina da mutum ɗaya tak a ciki. Jirgi kuwa sai direba, sai mai wuta, sai masu birki, sai masu gyaran dogo, sai masu gadin gada. Ko ni da ban wuce sakandare ba na san inda lissafin zai kai.

Cikin direbobin motocin nan akwai Doyle Haskew, wanda iyayensa suka zo daga Oklahoma lokacin da aka yi fari a can. Dogo ne, mai baki, mai sa mutane dariya. Shi na aura. Baba bai hana ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Mutumin da ke aiki shi kaɗai yini guda, in ya dawo zai nemi masu saurare." A lokacin na ɗauka yabo ne.

A kakar shekarar 1959 babbar gadar da ke kan kwazazzabon Bear ta ƙone. Kamfani ya ce ba zai sake ginawa ba, dogo ya ƙare ke nan. Zuwa lokacin Doyle ya zama shugaban direbobin motoci. Matasan ma'aikatan jirgi suka watse, wasu birni, wasu mota. Gildo aka ba shi doguwar sanda aka tura shi tafkin injin katako, yana tura gumaguman da ke iyo zuwa bakin zarto. Baba yana da shekara hamsin da takwas. Manaja ya kira shi ofis, ya yaba masa, ya ce tunda shi direba ne, ai sai ya koma tuƙa mota. A wurin manaja direba direba ne. Aka ba shi duk hunturun shekarar ya koya, in ƙanƙara ta narke Doyle ya gwada shi. In ya ci, sunansa na nan, gida na nan.

Ya koya, kada wani ya ce bai koya ba. Duk hunturun nan yana filin bayan gareji da tsohuwar tirela, yana kewaya ganguna. Giya ba ta ba shi wahala ba ko kaɗan, da kunne yake canza ta, makanikai har fitowa suke su saurara. Sitiyari ne ya zame masa baƙon abu. Sai ya riƙe shi da ƙarfi kamar wanda aka ba jaririn wani, ya yi ta juyawa fiye da kima, ko kuma hankalinsa ya tafi ga ƙarar inji ya manta da shi gaba ɗaya. A gida Mama ta ba shi murfin tukunya, tana zaune tana ba da umarni.

"Dama, Orval. Dama na ce. Ka shiga lambun mutane."

"Ai babu lambu a nan, Vesta."

"Da akwai da ka shiga. Sake."

Ya samu lasisi a gwaji na biyu. Ya zo ya ajiye a kan tebur, kunnuwansa sun yi ja. Mutumin da ya shekara talatin yana sauko da jirgi daga dutse bai taɓa zubar da gungume ko ɗaya ba, ga shi yana jin kunyar murna da takardar da ɗan shekara sha shida ke samu.

Ranar gwajin kamfani na ce wa Doyle tun da safe, "Ka bi shi a hankali. Ka ba shi titin ƙasa, ba na tudu ba."

"Lorene, kowa titin tudu yake bi. In na sassauta masa yaran nan za su ce don surukina ne."

"To ai surukinka ne."

"Shi ya sa."

Titin tudu yana saukowa ne da gangara mai tsawo, a ƙarshensa ya lanƙwasa hagu daidai saman tafkin injin katako. Duk wanda ke aiki a tafki ko a filin katako yana ganin lanƙwasar nan. Sun hau lafiya, aka loda musu manyan gumagumai uku, suka juyo. Baba ya sauko da mafi yawan gangarar yadda ya kamata. Dab da ƙarshe nauyin ya fara tura motar, ta fara gudu fiye da yadda yake so. Birki yana nan ƙarƙashin ƙafarsa, ya san da shi, ya taka shi sau ɗari a ranar. Amma duk wanda ya ƙera motocin nan ya rataye igiyar hon a sama da kan direba, daidai inda igiyar usur take a jirgi. Hannun Baba ya tashi da kansa. Ya ja gajere sau ɗaya. Ya saki sitiyari, ya leƙa kansa ta taga yana duban baya, yana jiran mutum uku su miƙe a kan gumagumai.

Titi ya lanƙwasa, motar ba ta lanƙwasa ba. Doyle ya finciko sitiyari, ya ja birkin tirela, shi ya sa ba su kife ba. Suka fasa shinge, suka gangara cikin ciyawa, suka shiga tafki har ruwa ya kai ƙofa. Sarƙa ta tsinke, gumaguman suka faɗa ruwa, inda dama can za a kai su. Ba wanda ya mutu. Doyle ya fasa goshi. Baba ko ƙwarzane bai yi ba. Ya fito ta taga, ya taka cikin laka har gaɓa a gaban ma'aikata sun fi hamsin, ya wuce gida a ƙafa, ruwa na zuba daga wandonsa.

Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne abin da ke ci mini rai. Waɗanda ke tafki abin da suka gani shi ne mota ta kauce hanya. Mota takan kauce. Birki kan ƙi, taya kan fashe, kowane direba a garin nan ya taɓa shiga rami. Da an yi shiru, da cikin mako guda an manta. Mutum ɗaya ne a duniya ya ga Baba ya saki sitiyari yana neman masu birki a bayan tirela. Mutumin nan kuwa mijina ne. A yammacin ranar, da bandeji a goshi, ya tsaya a mashayar da direbobi ke taruwa, aka saya masa giya, aka tambaye shi yadda aka yi. Ya ba su labarin. Bai tsaya a faɗa ba, kwaikwaya ya yi. Ya ja igiya a iska, ya leƙa baya, ya buɗe baki. An ce har mai mashayar sai da ya zauna don dariya.

Matar wani direba ce ta gaya mini washegari a kantin kamfani, ita ma tana dariya, ta ɗauka na riga na ji. Na ajiye kwandon sayayya a nan inda nake, na tafi gareji.

"Doyle, fito."

"Ina aiki, mata."

"Fito ko in shigo in faɗa a gaban yaranka."

Ya fito yana goge hannu. Na tambaye shi ko gaskiya ne. Ya ce ai ba da wata manufa ya yi ba, labari ne ya zo, kuma shi ma saura kaɗan ya mutu, ko ba shi da ikon ya yi dariya a kan abin da ya kusa kashe shi?

"Ka yi dariyar a kan goshinka. Wa ya ba ka ubana?"

"Lorene, kwana biyu za a manta."

Ba a manta ba. Ban san wanda ya fara ba, amma kafin mako ya zagayo, duk direban da ya hango Baba a titi sai ya ja hon gajere sau ɗaya, ya leƙo ta taga yana duban baya. Daga direbobi abin ya koma kan masu ƙananan motoci, ya koma kan 'yan makaranta da ke yi da baki. Mutanen da jirginsa ya kawo uwayensu asibiti suna naƙuda. Mutanen da ya tsayar da jirgi a tsakiyar daji don ya ɗauki karensu da ya ɓata. A gaban coci ma sai da wani ya yi, ranar Lahadi, yana sanye da kwat. Baba ba ya waiwayowa. Amma na lura duk sanda aka yi, kafaɗarsa ta dama takan ɗan motsa. Ya daina zuwa aski, Mama ce ta koma yi masa da hannu ɗaya. Ya daina bin babban titi, sai ya zagaya ta bayan gidaje, ta kan tsohon dogo da ciyawa ta fara rufewa.

Manaja bai sake kiransa ofis ba. Ɗan aike aka turo ya ce ana buƙatar gidan a ƙarshen wata.

Na je na same su a kicin. Mama tana tsaye dafe da ƙarfenta tana juya miya, Baba yana zaune, hularsa a gwiwa. Na ce su dawo gidana, za mu gyara ɗakin ƙasa.

"Banɗakinku yana sama," in ji Mama. "Wa zai riƙa ɗaukata? Mai ba da labarin?"

"Mama, za a san yadda za a yi."

"Ni na san yadda za a yi. Za a ajiye ni a kujera a lulluɓa mini bargo, in riƙa cewa na gode. Ba ni gishirin can."

Muna cikin haka aka ƙwanƙwasa. Doyle ne. Tun ranar tafki bai taka gidan ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire hula, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba.

"Baba, na yi magana da manaja. Akwai gurbi ɗaya."

Ba wanda ya ce masa ya shigo.

"Wurin wankin motoci ne, a bayan gareji. Yaron da ke yi ya tafi soja. Albashin ba wani abu ba ne. Amma sunanka zai zauna a cikin masu aiki."

"Motocin wa zai wanke?" na ce. "Motocin masu hon?"

"Shi ke nan abin da na iya samowa, Lorene. Sai da na roƙa."

Na yarda ya roƙa. Daga baya na ji cewa manaja ya ƙi har sau biyu, sai da Doyle ya ce in ba a yi ba shi ma zai ajiye aiki. Wannan ma gaskiya ne, kuma na rubuta shi don kada a ce na ɓoye.

Mama ta ajiye ludayi. "Orval, ba ka zuwa. Gara mu tafi gidan gajiyayyu na gunduma. Na ga mata a can, suna raye."

Baba ya daɗe yana kallon ƙarfen da ya kafa mata a bango. Sannan ya ɗago ya dubi Doyle, karo na farko.

"Da takalmin roba ake bayarwa, ko in zo da nawa?"

"Ana bayarwa, Baba."

"To Litinin."

Na kai masa abinci a makon farko don Mama ta ce ya manta langarsa. Da gangan ya manta, na gane daga baya, ba ya iya cin komai a wurin. Na same shi cikin dogon takalmin roba da ya fi ƙarfin ƙafarsa, tiyo a hannu, yana kankare laka daga ƙarƙashin tirela. Hularsa ta direban jirgi ya bari a gida, ya sa wata ta saƙa. Ina tsaye wani yaro, Purvis, wanda na yi wa wanka yana jariri a Sansani na Tara, ya shigo da motarsa, ya tsaya daidai kan Baba, ya ja hon gajere. Ya sauko yana murmushi.

"Tsoho, a wanke mini har ciki. Kada ka taɓa igiyar nan fa."

Na yi kansa. Baba ya riƙo hannuna da jiƙaƙƙen hannunsa.

"Bar shi. Je ki gida, Lorene."

"Baba, ka ji abin da ya ce?"

"Na ji. Ina da kunne. Je ki gida, kina ƙara mini."

Wannan maganar ce ta kore ni. Na tafi ina jin fuskata kamar an watsa mata ruwan zafi. Na shiga gidana, na dubi firji, na dubi injin wanki, na dubi labulen da na zaɓa da kaina, duk da kuɗin motocin nan aka saye su. Na dafa abincin dare, na zuba wa Doyle, na zuba wa 'ya'yanmu.

Mutum ɗaya ne a garin bai taɓa tayar da maganar tafki ba, shi ne Gildo. Ya ɗauki al'adar tsallakowa daga tafki da tsakar rana ya zauna kan juyayyen bokiti kusa da Baba. Da ya fara zuwa ne Baba ya koma ɗaukar langarsa. Wata rana ina wurin, na kawo wa Baba maganin tsagewar hannu, sai na ji Gildo yana cewa, baki cike da burodi:

"Ka san wani abu, sarkin zaune? Ranar nan na ji ka."

Gildo ya nuna tafki da hannu.

"Ina kan gungume a tsakiyar ruwa. Da na ji gajere ɗaya, wallahi sandata na jefar, na duƙa ina laluben ƙafar birki. A kan ruwa. Saura kaɗan in nutse. Sai da na je gida na canza wando."

"Ƙarya kake."

"Tambayi matata. Ni dai ba wanda ya gan ni, shi ke nan bambancinmu." Ya haɗiye. "Kuma ka makara da busawa. Da tun a itacen can na sama ya kamata ka kira. Ka tsufa."

"A itacen na kira."

"Bayan itacen."

Suka yi ta musu a kan itacen har lokacin komawa aiki ya yi. Ranar ce kaɗai na ga Baba ya cinye abincinsa a wurin.

Shekara shida ya yi yana wankin motoci. Hon ɗin ya ragu da tafiyar lokaci, ba don an ji kunya ba, don dai abin ya tsufa, sababbin direbobi kuma ba su san tushensa ba. Wasunsu ma sun ɗauka gaisuwa ce da ake yi wa tsohon. A cikin shekarun nan aka zo aka ɓamɓare dogon aka sayar wa masu narka ƙarfe, yana ganin taragunsa suna wucewa a bayan tirela, yankakku, tirelar kuma ta dawo ya wanke ta. Hannuwansa suka tsattsage, sanyin ruwa ya shiga gwiwoyinsa. Mama kuwa ta ci gaba da mulkin kicin ɗinta. Ba ta sake ce masa kada ya je ba, ba ta kuma taɓa tambayarsa yaya aiki ba. In ya dawo ruwan zafi na jiransa a kwano, ta sa shi ya tsoma hannu, ta tsaya a kansa tana masa faɗan ya shigo mata da laka. Doyle bai sake cin abinci a teburinta ba. In ya kawo ni, a mota yake jira.

Mama ta rasu a farkon bazara, a kan gadonta, bayan ta gama wanke kwanonin safe. Aka binne ta ranar Asabar. Ranar Litinin na je da sassafe don in taya shi gyaran gida, na tarar ya riga ya ɗaure kayansa a akwati biyu. Takalmin robar yana bakin ƙofa, wankakke, mabuɗin gida a cikin ɗayan ƙafar.

"Ki ba mijinki ya kai musu ofis," ya ce. "Ba sai na je ba."

"Baba, ai ba wanda ya ce ka tashi. Sunanka na nan."

"Na sani. Na gama."

Na tambaye shi ina za shi. Ya ce Gildo ya share masa ɗakin da suke ajiye albasa, akwai taga, akwai murhu. Na ce wannan wane irin abu ne, yana da 'ya a garin nan, da gida, da jikoki, ya je ya kwana a ɗakin albasa, me mutane za su ce da ni.

Ya zauna a bakin gadon da babu katifa. Ya yi maganar a hankali, ba fushi a ciki.

"Mijinki ya riƙe wa uwarki gida. Ba don shi ba da a gidan gunduma ta mutu. Na san da haka, ki gaya masa na ce na gode. Amma ba zan iya zama ina cin abinci ina kallonsa ba, Lorene. Na gwada a raina, abincin ba ya wucewa."

A ɗakin albasar ya yi sauran shekarunsa, a can ya rasu. Na kai wa Doyle takalmin da mabuɗin da saƙon godiyar, ya karɓa ya kai musu ofis. Ni kuwa har yau a tebur ɗaya nake ci da shi.